Daga Taurari Zuwa Garken Shanu: Yadda Aka Koyi Lissafin Awon da Ake Maimaitawa

Bijimi ba ya ba da nono, amma a shekarun 1940 masu kiwon shanun madara a Amurka sun matsu su san wanne ne 'ya'yansa za su fi tatsuwa. Barbarar zamani ta fara yaɗuwa a lokacin, ana ɗibar maniyyin bijimi ɗaya a saka wa shanu masu tarin yawa. Kuskuren zaɓe kuwa asara ce ta shekaru.

Da gani abin mai sauƙi ne: a auna madarar 'ya'yansa mata, a fitar da matsakaici. To, a nan gizo ke saƙa. Shanu goma na garke ɗaya, masu cin abinci iri ɗaya a hannun mai tatsa ɗaya, ba shaidu goma ba ne, kusan bakinsu ɗaya. Saniyar da aka auna a haihuwarta ta fari da ta biyu da ta uku ma, ita ce dai ba ta canza ba. Wanda ya ɗauki kowane awo a matsayin sabuwar hujja, zai sakankance fiye da kima.

Masana taurari sun riga kowa lura da haka. A 1861 George Airy na Ingila ya nuna cewa awon da aka yi a dare guda ya fi kama da juna, a kan na darare daban-daban. Ronald Fisher, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted, ya tsara yadda ake rarrabe irin wannan bambanci a littafinsa na 1925.

Amma wanda ya mayar da wannan dabara makamin hasashe shi ne Charles Henderson, ɗalibin Jay Lush a Iowa, da ya koma Jami'ar Cornell a 1948. Tsarin lissafinsa, wanda daga baya aka sani da BLUP, yana cire tasirin garke da shekara, sannan ya kimanta bijimin kansa. Hikimar da ta fi burgewa ita ce taka-tsantsan ɗinsa. Bijimi mai 'ya'ya uku da suka cika ƙwarya maƙil, lissafin ba ya ruɗuwa da shi, yana janyo makinsa kusa da na tsaka-tsakin shanu. Mai 'ya'ya ɗari uku kuwa, ana barinsa kusan inda awonsa ya ajiye shi. Sai dai lissafin na da nauyi, sai da kwamfuta ta ƙarfafa kafin ya zama ruwan dare.

Daga nan ya shiga asibiti. A 1982 Nan Laird da James Ware na Harvard suka daidaita shi da awon mutane da ake bi shekara da shekaru, misalansu daga binciken illar gurɓatacciyar iska ga lafiya. Kowane mutum da nasa layin hasashen, ko da ya tsallake wasu ranakun awo.

A 1986 Kung-Yee Liang da Scott Zeger na Johns Hopkins suka kawo wata hanyar, GEE, wadda ke hasashen matsakaicin al'umma maimakon mutum ɗaya. Wannan rabuwa na nan har yau, kuma tana da muhimmanci ƙwarai. Likitan da ke duban hawan jinin wani majiyyaci a wata mai zuwa, hanyar Henderson yake bi. Ma'aikatar lafiya da ke lissafin magani na jiha guda, ta Liang da Zeger ta fi dacewa da tambayarta.