Raunin Mazakuta da Maganinsa a Tarihin Ƙasar Boɗinga da Shagari

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal, in ya yi katari da ranar kasuwa, da wuya ya rasa jin lasifikar mai magani. Abin da zai fi ji shi ne "basir" da "sanyi" da "ƙarfin maza". Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda mutanen wannan yanki suka fahimci raunin mazakuta, watau kasawar gaban namiji ya miƙe ko ya daure har a biya bukatar aure, da yadda suka nemi maganinsa tun daga zamanin masu jihadi. Za a ga cewa magabata sun ɗauke shi cuta mai sanadi, wadda ake bai wa lokaci ana bincikenta, alhali kasuwa ta mayar da shi abin gaggawa da ɓoyo.

Sakaya a Bakin Bahaushe

Kunya ta hana Bahaushe kiran wannan lalura da sunanta a bainar jama'a. Saboda haka sai ya lulluɓe ta da sunan wata cuta. Magidanci kan ce basir ya dame shi, ko sanyi ya kama masa mara, mai magani kuwa ya gane inda aka dosa. Wannan sakaya ta yi amfani ta wajen rufin asiri, amma ta jawo ruɗani, domin a hankali mayafin ya zama shi ne bayanin. Mutane da yawa suka tabbata cewa basir ne tushen matsalar. Wasu kuma suka danganta ta da sammu, suka ce kishiya ko magabci ne ya ɗaure mutum. Kowane bayani da masu maganinsa: 'yan magori da wanzamai suna ba da saiwa da sassaƙe da yaji, malamai suna ba da rubutu, bokaye kuma suna da'awar kwance ɗauri.

Zamanin Sifawa da Boɗinga

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, wadda ke cikin ƙasar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga kanta kafin ya koma Gwandu. Wannan ya sa yankin ya zama matattarar malamai da ɗalibai, kuma ilimin ɗibbu yana cikin abin da suka kula da shi. Malam Abdullahi ya wallafa Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basir da amfanin filasko. Malam Muhammadu Tukur, almajirin Shehu wanda ya zauna a Matuzgi ta ƙasar Zamfara, ya rubuta Mu'awanatul Ikhwan a kan zaman maza da matansu, inda ya kawo magungunan ƙarfafa namiji. Abin lura a nan shi ne, waɗannan malamai ba su ga abin kunya ba a rubuta wannan magana. Sun rubuta ta da sunayensu, sun faɗi abin da ake haɗawa, don wanda ya karanta ya san abin da zai sha.

Har ila yau, fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan wannan ƙasa ya tanadi hukunci a kan lalurar. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa mijin da ya kasa kusantar matarsa ana yi masa wa'adin shekara guda. In ya samu lafiya aure ya ci gaba, in kuwa bai samu ba matar tana da zaɓin a raba su. Malamai sun bayyana hikimar shekarar da cewa tana ɗauke da yanayi huɗu, ta yiwu cutar da zafi ya kawo sanyi ya kore ta, wadda danshi ya kawo kuma bushewa ta yi maganinta. Ko da an bar wannan ra'ayi na zafi da sanyi, hukuncin ya tabbatar da abu biyu: lalurar cuta ce mai yiwuwar warkewa, kuma matar tana da haƙƙi a cikin al'amarin.

Zuwan Turawa da Rubuta Sunayen Tsirrai

Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, asibitin Turawa bai shiga wannan fage sosai ba, don a lokacin shi ma ba shi da wani magani tabbatacce. Abin da Turawa suka yi shi ne taskace sunaye. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a lardin Sakkwato, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, Bargery kuma ya fitar da ƙamusunsa a 1934. Ta irin waɗannan ayyuka ne aka riƙa haɗa sunayen Hausa irin su gagai da sanya da hannu-biyar da sunayensu na kimiyya. Daga baya masana a Jami'ar Ilori suka gwada baƙin gagai a kan ɓeraye, suka ga yana ƙara musu kuzarin barbara, amma wasu gwaje-gwajen suka nuna yana iya taɓa hanta da ƙoda. Wannan darasi ne ga mai cewa duk abin da ya fito daga itace ba ya cutarwa.

Abin da Likitanci ya Gano

A yawancin ƙarni na 20 likitocin Turai da Amurka suna ganin damuwa da fargaba ne suka fi kawo matsalar. Ra'ayin ya sauya a hankali. A 1973 aka fito da robar da ake dasawa ta hanyar tiyata, a 1982 kuma wani likita a Faransa ya nuna cewa allurar da ke buɗe hanyoyin jini tana miƙar da gaba. Aka gane cewa al'amarin na jini ne da jijiya: sha'awa kan sa jijiyoyi su saki wani sinadari, hanyoyin jini su saki jiki, jini ya cika gaba. Duk abin da ya lalata hanyoyin jini ko jijiyoyi zai iya kawo rauni. Manyan sanadan su ne ciwon sukari, hawan jini, yawan kitse a jini, shan taba da giya, ƙiba, ciwon ƙoda, raunin laka, ƙarancin sinadarin mazakuta, da wasu magungunan hawan jini da na damuwa. Fargaba da saɓanin ma'aurata su ma suna da nasu kaso, musamman ga matasa. Basir ba ya cikin waɗannan manyan sanadai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1994 ya samu cewa kashi 52 cikin 100 na mazan da ke tsakanin shekara 40 da 70 suna da wani mataki na lalurar.

Daɗin daɗawa, hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su kan riga toshewa. Ke nan raunin mazakuta kan zama gargaɗi na farko cewa ciwon zuciya na tafe.

Zamanin Ƙwaya

A watan Maris na 1998 Amurka ta amince da Viagra, ƙwayar da aka fara gwadawa a Ingila don ciwon ƙirji. A 2003 aka amince da Cialis da Levitra. Waɗannan ƙwayoyi ba sa haifar da sha'awa, taimakon jini kawai suke yi idan sha'awar ta zo, kuma suna da ƙa'idoji. Ba a shan su fiye da sau ɗaya a yini. Wanda ke shan maganin ciwon ƙirji mai sinadarin naitiret ba ya shan su sam, domin haɗuwarsu kan kayar da jini har ta kai ga rasa rai. Mai ciwon zuciya ko hanta ko ƙoda, da mai sikila, sai da shawarar likita. Idan gaba ta miƙe ta wuce awa 4 ba ta kwanta ba, ko gani ko ji ya ɗauke farat ɗaya, a garzaya asibiti.

Da ƙwayar ta shigo kasuwa sai ta haɗu da tsohuwar kunya. Mai lalura ya fi son ya saya a ɓoye da ya zauna gaban likita. Mafi muni, an sha samun magungunan da ake tallatawa da sunan gargajiya, a kwalba ko a zuma ko a shayi, an cakuɗa musu sinadarin wannan ƙwaya ba tare da an rubuta ba, abin da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta sha yin gargaɗi a kansa. Mai ciwon zuciya sai ya sha yana zaton saiwa ce. Wasu kuma suka koma ga taramol, wanda yawan shansa kan ƙara kashe mazakuta. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Kammalawa

Mutumin Boɗinga ko Shagari yana da hanyoyin da kakanninsa ba su samu ba. A asibitin garinsa ana iya auna jininsa da sukarinsa, in abin ya fi ƙarfinsu a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Magani kan fara da daidaita sukari da hawan jini, barin taba, rage ƙiba da motsa jiki, sannan ƙwaya bisa awo. In ba ta yi ba akwai allura, da na'urar zuƙo jini, da tiyata. Shawara tare da uwargida ita ma magani ce, don tun a Risala ba a cire ta daga lissafi ba. Malaman Sifawa da Boɗinga sun bar gadon faɗin cuta da sunanta, da sanin abin da ke cikin magani, da haƙurin jiran lokaci. Magori kuwa, kamar yadda kirarinsa ya nuna, kansa yake wasawa da kansa, don haka ba a bakinsa ake auna ingancin kayansa ba.