Tarihin Waya a Nijeriya, Daga Tangaraho Zuwa Zaren Gilashi

Kalmar "waya" baƙuwa ce a Hausa. Daga Ingilishi aka aro ta, ma'anarta ta fari kuwa siririn ƙarfen nan ne da a ke miƙawa bisa turaku. Sannu a hankali saƙon da ke bi ta cikin ƙarfen ya ci sunan, aka riƙa cewa an buga wa wane waya. Ofishin da a ke karɓar saƙon ya zama gidan waya, da tarho ya zo shi ma aka kira shi waya. Yau abin da mutum ke sawa a aljihu, ba igiya ko ɗaya a jikinsa, waya a ke ce masa. Sai ga shi bukatar intanet mai sauri a gidaje ta sa an koma neman waya ta ainihi, wahalar da aka sha wajen kawo ta Arewa a farkon zamanin Turawa kuwa, irinta a ke sha har wa yau.

A 1886 ne wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku ta haɗa Ikko da London. Domin mulki aka kawo ta, saboda haka inda soja da Razdan suka sa ƙafa nan ta bi: Jebba da Lokoja, sa'an nan Zungeru da Zariya da Kano. Talaka bai san ta ba sai ran da aka aiko da labarin rasuwa ko na kuɗi. Tarho ma haka ya zauna a ofisoshi da gidajen manya. Sa'ad da aka sami mulkin kai a 1960, layukan tarho na ƙasar duka ba su kai dubu 20 ba. An kafa kamfanin NITEL a 1985, amma har zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su wuce kimanin dubu 400 ba, alhali jama'a sun haura miliyan 100.

Cikin wannan hali wayar hannu ta shigo, a watan Agusta na 2001, ta hannun kamfanonin Econet da MTN. Da ya ke kafa dogon turken ƙarfe guda ya fi haƙa rami zuwa ƙofar kowane gida sauƙi, sai aka tsallake matakin da ƙasashen Turai suka bi. Su can wayar jan ƙarfe ta riga ta shiga gidaje, ta cikinta intanet ya fara isa gare su. A nan kuwa ta iska ya zo, a ke sayensa kaɗan-kaɗan kamar ruwan garuwa. Aibin wannan hanya shi ne, duk mutanen unguwa turke guda su ke rabawa, in sun yi yawa sai rabon kowa ya ragu.

Maganin abin ya samo asali ne a Ingila. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa in aka tsarkake gilashi ƙwarai, aka ja shi siriri kamar gashin kai, haske zai iya ɗaukar saƙo ta cikinsa zuwa nesa. Kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare a 1970, a 1988 kuma aka shimfiɗa na farko a tekun Atlantika. Shi ne a ke kira faiba. Ya iso Ikko da layin SAT-3, wanda ya fara aiki a 2002, sai dai NITEL kaɗai ke riƙe da ƙofarsa, farashi ya yi tsada. A 2010 layin MainOne, wanda Funke Opeke ta jagoranta, ya sauka daga Fotugal, Glo-1 kuma daga Ingila. Waɗansu suka biyo baya, har da Equiano na kamfanin Google a 2022.

To, teku ta cika alkawari, saura tudu. Daga Ikko zuwa Kano kimanin mil 700 ne ta hanyar jirgin ƙasa, a da kuwa kowace jiha tana da kuɗin da ta ke karɓa kafin ta yarda a haƙa gefen hanya. An daidaita a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da yawa suka riƙa karɓar ninkin haka sau da dama. Bayan wannan ga masu aikin hanya suna tsinka zaren da motocin haƙa, ga rashin wutar lantarki. Shi ya sa abin da ya yi arha a bakin teku ya kan yi tsada kafin ya iso Arewa.

Shekarar 2020 ce ta bayyana girman giɓin. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, aka hana fita a Kano da sauran birane, sai karatu da aikin ofis da ciniki suka koma cikin gida. Gidan da yara uku ke son ganin malami lokaci guda, uba kuma yana taro, wayar hannu ba ta ɗaukar nauyinsa. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta fito da shirin shekara biyar na kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na jama'a, Jihar Kaduna kuma ta yafe kuɗin haƙa ɗungum. Ran 14 ga Maris 2024 layuka huɗu suka lalace a teku daura da Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi suka tsaya cik, kowa ya gane cewa wayar da ba ta da igiya a kan igiya ta dogara. A wannan shekara gwamnati ta amince da shimfiɗa ƙarin kilomita dubu 90 na zaren gilashi, bisa kimanin dubu 35 da a ke da su.

Abin da ya shafi malamai a nan ba ƙarami ba ne. Littattafai da ƙamusu da muryoyin mawaƙan Hausa da aka ɗauka tun da daɗewa suna komawa intanet, ɗalibin kwalejin horon malamai da ba shi da hanya mai ƙarfi kuwa ba zai kai gare su ba, ko da a garinsu aka tattara su. Tangaraho ya tsaya a barikin Razdan, tarho ya tsaya a gidajen manya. Ko zaren gilashi zai wuce su ya shiga lungunan birni da ƙauyuka, wannan ya rataya a kan kuɗin haƙa, da tsaron abin da aka binne, da wutar da za ta kunna shi.