Addinin gwamnati

addinin gwamnati (suna, namiji): addinin da hukuma ta mayar nata, take fifita shi a doka da makaranta. Shugaba Chiluba ya ayyana Zambiya ƙasar Kirista a 1991. A 2024 jihar Luwiziyana ta Amurka ta yi dokar manna Dokoki Goma a bangon kowane aji na makarantun gwamnati. Sashe na 10 na tsarin mulkin Najeriya ya haramta addinin gwamnati, kuma ya kyauta. Masu cewa ai rinjaye ke da iko su tuna, masu rinjaye a Katsina tsiraru ne a wani gari. Sashe na 38 da ya hana a tilasta wa ɗalibi Kirista a Ƙofar Kaura ta Katsina darasin addinin da ba nasa ba, da shi Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi hijabinsu a makarantun Legas a 2022.