Daga Grade II Zuwa Lasisin Shekara Uku

Malaman da suka koyar da mu ba su san ana sabunta takardar malanta ba. Wanda ya fito daga Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ko daga makarantun horon malamai da suka biyo bayanta, takarda ɗaya yake riƙewa har ya yi ritaya. Abubakar Tafawa Balewa ma ta wannan ƙofa ya bi, ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi kafin siyasa ta ɗauke shi. Ba wai an bar malami sakaka ba ne. Sufeto kan faɗo aji ba zato, ya zauna a bencin baya, ya buɗe littafin shirin darasi, ya duba rajista, ya yi wa yara tambayoyi. Malamin da ya yi sake, ranar jikinsa zai gaya masa.

Shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, na 1976 ne ya sauya lissafi. Yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi kaɗan, aka shiga yaye masu takardar malanta ta Grade II cikin gaggawa, aka kuma kafa cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, a Kaduna don horar da waɗanda ke bakin aiki. Ni ma a wannan ayari na karɓi alli. A cikinmu akwai gwanaye, akwai kuma waɗanda aka sauke tun ba su nuna ba, ga sufetoci ba su isa su zagaya kowace makaranta ba.

Daga baya takardar kwalejin ilimi, NCE, ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Doka mai lamba 31 ta 1993 ta kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, a 2017 kuma aka fara jarrabawar cancanta a kwamfuta. Yanzu malami yana da lasisin da ke ƙarewa bayan shekara uku, sai ya sabunta. A waccan shekara ta 2017 ce malaman firamare sama da 21,000 suka faɗi jarrabawar da gwamnatin Kaduna ta yi musu, aka sallame su. Ko me mutum zai ce kan yadda aka yi abin, ya nuna takardar da aka samu shekara ashirin baya ba ta isa shaida ba.

Don haka ina goyon bayan sabuntawa. Damuwata ita ce kada ta tsaya ga biyan kuɗi da karɓar kati. Malamin ƙauye da albashinsa ke makara, ga kuɗin mota, ga wahalar intanet, in ya biya ya kamata ya koma aji da wani abu sabo a kansa. Ina roƙon hukuma ta haɗa kowace sabuntawa da bita ta gaske a ƙaramar hukumar malami, jihohi kuma su dawo da sufeto bencin baya.