Rajistar jiragen ruwa da na sama wajen neman asali: ina amfaninta ga Damagaram?

1. Gabatarwa

A Amurka, mai neman asalinsa yakan fara ne da rajistar jiragen ruwa. Tsakanin 1892 da 1954, baƙi wajen miliyan 12 suka ratsa tsibirin Elis, a bakin Niyok, ana rubuta sunan kowa da shekarunsa. Tambayar da muke yi a nan ita ce: wannan hanya tana iya aiki a Damagaram, ƙasar da ba ta da bakin teku? A ganinmu tana iyawa, amma ga waɗanda suka fita kawai, kuma sai da taimakon masanin harshe.

2. Waɗanda suka shigo

Baƙin da suka raya kasuwancin Zindar zamanin Sarki Tanimun (1851-1884), wato Abzinawa da fataken Gadamas da Tarabulus, cikin ayari suka zo. Ayari kuwa ba shi da takardar fasinja: madugu ya san jama'arsa da ka, abin da ake rubutawa shi ne wasiƙun ciniki da lissafin bashi. Ko bayan da Faransawa suka ci Zindar a 1899, takardun haihuwa da yawa « né vers » suke ɗauke da shi, wato ƙiyasin shekara. Saboda haka asalin waɗannan baƙi yana bakin tsofaffi da maroƙa.

3. Waɗanda suka fita

Wanda ya bar ƙasa har ya kai teku, shi ne yakan faɗa hannun akawu. Mun ga kashi uku.

Na farko, bayi. Daga 1808, jiragen yaƙin Ingila suna tare jiragen bayi, suna sauke mutanen a Firitawun ta Saliyo. Rajistar can da ta Habana sun adana sunaye sama da 90.000, tare da shekaru, da tsawo, sau da yawa har da tsagar fuska. Akwai Hausawa a cikinsu. Amma bayin Damagaram akasari arewa aka kora su, ta hamada.

Na biyu, matafiya irin Dorugu, ɗan Dambanas, kusa da Kance. An kama shi yana yaro, Overweg ya ƴanta shi a Barno, sannan ya bi Barth. Sun shiga jirgin ruwa a Tarabulus, suka bi ta Malta da Marsay, suka isa Landan cikin Satumba 1855. Daga bakinsa Schön ya ɗauki yawancin littafin Magana Hausa (1885). Ya komo Afirka a 1864, ya rasu Kano a 1912.

Na uku, alhazai. Da can a ƙasa suke tafiya har Sudan, su shiga jirgi a Sawakin zuwa Jidda. Wasu sun zauna can, su ne ake kira Takari. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara maye gurbin wannan hanya, fasfo ya zama dole.

4. Matsalar suna

Nan ne aikinmu yake. Akawu yana rubuta abin da kunnensa ya ji, da ƙa'idar harshensa. Mutum guda, Barth ya rubuta shi Dyrregu, Schön ya rubuta Dorugu. Mamman na Birni ya zama Mahamane a takardar Faransa, Muhammad a ta Jidda. Haruffa masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ) sun ɓace, haka ma tsawon wasali da karin sauti. Bugu da ƙari, Bahaushe ba shi da sunan iyali irin na Turawa: sunan uba yakan sake a kowane ɗiya da jika, balle laƙabi irin Tanko ko Ladi.

5. Kammalawa

Don haka muke ba ɗalibai shawara su juya tsarin Amurkawa. A fara da gida: a ɗauki maganar tsofaffi, a tattara suna da laƙabi da tsaga da shekarar tafiya. Sannan a jera dukan yadda Bafaranshe da Baturen Ingila da Balarabe za su iya rubuta sunan, kafin a buɗe rajista. Aikin gaggawa ne, domin takarda tana jira a ma'ajiya, amma tsohon da zai tabbatar da ita ba ya jira.