Dajin Zamfara: Wa Aka Bar Wa Amana?

Rubutunmu na wannan mako ya waiwayi dajin da ke gabashin Ƙaura Namoda da Shinkafi, wanda ya ratsa ƙasar Zurmi har ya kusanci iyakar Katsina da Nijar. A yau da an ce Dumburum sai gaba ya faɗi, domin ba a jin sunan sai a labarin 'yan bindiga. Amma dajin ya daɗe yana da masu riƙonsa, kuma tarihinsu ne muke son dubawa.

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa ta san hurumi da burtali da mashaya. Sarkin daji da ardo da mai gari su ke faɗin inda za a sara da inda za a kiwata. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi littafi kan hukuncin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, wato Ta'alimur Radi.

Da Turawa suka zo, sai suka mayar da al'amarin na doka da takarda. A wajajen 1919 aka keɓe Gandun Dajin Zamfara, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000, aka bar ƙauyuka huɗu a cikinsa da gonakinsu: Dumburum, Shamushalle, Aja da Tsabre. En'e ke kula da shi ta hannun malaman daji. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka yi kasuwa, buƙatar gonaki ta ƙaru, amma iyakar gandun ta tsaya saboda akwai mai tsaronta. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo don kare haƙƙin makiyaya.

To ina gizo ke saƙa? Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ƙarfin sarakuna, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta sa ƙasa a hannun gwamna. Mutanen da ke kwana kusa da dajin suka zama 'yan kallo, masu iko da shi suna can birni. Fari ya zo a shekarun 1970 da 1980, jama'a ta ƙaru, aka shiga yanka gonaki a burtali da makiyaya. Ba wannan kaɗai ya haifar da rikicin yau ba, amma yana cikin saiwoyinsa.

Wasu wurare sun nemi wata hanya. A 1980 Cif S. L. Edu da abokansa suka kafa gidauniyar kare halittu ta Nijeriya, wato NCF, a ƙarƙashin kwamitin amintattu, kuma tana cikin waɗanda suka fara aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru a 1987. A Maraɗi kuwa, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani: a bar tohon kututture ya girma a gona maimakon a ƙone shi. An ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar. Abin ya ɗore ne domin manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ƙauyuka kuma suka sa masu ido kan ɓarayin itace.

Shi amintacce a irin wannan ƙungiya ba albashi yake ɗauka ba. Sunansa ake rubutawa a hukumar CAC, shi ke riƙe kadarar ƙungiya a madadin jama'a, shi ke bin diddigin kuɗin tallafi, shi kuma zai ce a'a ranar da wani babba ya nemi a yanka masa fili. Aikinsa ya yi kama da na mai kula da waƙafi: dukiyar tana hannunsa, amma ba tasa ba ce. Idan zaman lafiya ya dawo, in Allah Ya so, dajin zai buƙaci irin waɗannan mutane daga cikin manoma da makiyaya, ba daga Gusau kaɗai ba.

Mu marubuta ma muna da namu kason. Dattawan da suka san inda burtali ya bi, da tafkin da ba ya ƙafewa, da wurin da marke da ƙirya suka yi duhu, suna ta ƙarewa. Da yawansu gudun hijira ya kawo su cikin garuruwanmu. Mu zauna da su, mu rubuta sunayen wurare da abin da suka gani da idonsu, mu bambance shi da jita-jita. Ranar da za a zauna sake shata iyaka, wannan rubutu zai iya zama shaida.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.