Asalin Hanyar Karatu Daga Najeriya Zuwa Romaniya

A shekarun 1970 kuɗin man fetur sun kwararo Najeriya, amma ma'aikata masu aikin hannu da suka san injina ba su wadata ba. Can kuma a gabashin Turai, shugaban Romaniya Nicolae Ceausescu yana neman abokai da kasuwa a Afirka, domin ba ya son a riƙa kallon ƙasarsa a matsayin 'yar amshin shatan Mosko. A 1977 ya ziyarci Najeriya, zamanin Janar Obasanjo. A wannan lokacin ne gwamnatin soja ta tura ɗimbin matasa ƙetare domin koyon fasaha cikin gaggawa, kuma Romaniya tana cikin ƙasashen da suka karɓe su.

A wancan lokacin sharaɗi ɗaya ne ba a tsallake shi: shekarar share fage. Ɗalibi ba ya shiga ajin likitanci ko injiniyanci sai ya kwashe shekara guda yana koyon Romaniyanci a jami'a, ko a Bukarest, ko Cluj, ko Iasi, ko Timisoara. Harshen jikan Latin ne, ɗan uwan Italiyanci da Faransanci, kuma da baƙaƙen boko ake rubuta shi, don haka ya fi Rashanci sauƙin kamawa ga yaron da ya fito daga sakandaren Arewa. Watannin farko na nahawu ne da maganar kasuwa da tasha, daga baya a shiga kalmomin fannin da mutum zai karanta, a haɗa masa da tarihin ƙasar da al'adunta. A teburin cin abinci kuwa zai tarar da mamaliga, wadda ba ta da maraba da tuwon masara. A ganina wannan shekara ita ce mafi daraja a tsarin gaba ɗaya, domin likitan da zai duba tsohuwa a asibitin koyarwa dole ya ji kukanta da harshenta.

Akwai ɓangaren labarin da ya kamata mutumin Birnin Gwari ya tsaya a kai. Romaniya ƙasar daji ce, duwatsun Carpathia cike suke da itatuwa, kuma a garin Brasov ana koyar da ilimin gandun daji tun 1948. Da wannan ƙwarewa suka shigo Najeriya, aka kafa kamfanonin katako na haɗin gwiwa, NIROWI a Ondo da Seromwood a Kalaba. Duka a Kudu. Alhali dajin Kamuku da ke Birnin Gwari yana killace tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000. Dajin da ya kamata ya haifi masana itace da namun dawa a Birnin Gwari, shi ne ya koma mafakar 'yan bindiga, makarantun ƙauyuka da dama suka rufe, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro.

Ita ma Romaniyar ta canza. Shekarun 1980 na tsuke bakin aljihu ne, da layin burodi da ɗaki mai sanyi, ɗaliban Afirka sun ɗanɗana tare da 'yan ƙasa. Gwamnatin Ceausescu ta faɗi a Disambar 1989, ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2007, jami'o'i suka buɗe darussan likitanci da Turanci da Faransanci ga mai iya biya. Mai kuɗi ya daina buƙatar shekarar harshe. Ɗan talaka kuwa sai ya dogara da irin gurbin yarjejeniyar musayar ilimi ta BEA, wadda hukumar bayar da tallafin karatu ta tarayya ta riƙa gudanarwa, da Romaniya a jerin ƙasashenta. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin, watanni kaɗan bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga, wanda ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024.